Abin Da Ɗankwali Ya Rufe

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Kano, na haura shekara arba'in, ina da 'ya'ya biyar. A gaban goshina, daga saitin wannan kunne zuwa wancan, akwai fili mai faɗin yatsu biyu wanda gashi ba zai sake fitowa a kansa ba, sai dai wani ikon Allah. Malaman da muke zama ofis ɗaya da su shekara da shekaru babu wadda ta sani. Haka kan mace yake a wurinmu. A gida ɗankwali, a waje hijabi, in za a kwanta a sa hula. Ciwon da ya fito a fuska ko a hannu, kafin kwana uku wani ya ce miki ki je asibiti. Na kai kuwa sai ya shekara goma yana cin ki, daga ke sai makitsiyarki, ita ma abin da za ta ce bai wuce ki riƙa shafa mai ba.

Tun ina 'yar shekara huɗu ko biyar ake kai ni kitso gidan wata tsohuwa a bayan layinmu. Duk unguwar an sallama mata, in ta yi miki shuku ko zane sai an tambaye ki hannun wa. Za ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, ta lakato man shanu, ta ja tsaga da kibiya. In kika motsa, bayan mataji ne zai sauka a wuyanki. Abin da ta fi alfahari da shi shi ne ba ta barin ko sili ɗaya a gaban goshi, duk ƙanƙantarsa sai ta kamo shi ta cusa cikin kitson. Idan aka gama, girarki ta ɗage sama, ba kya iya dariya, ba kya iya sunkuyawa. Daren jajiberin Sallah a kife muke kwana, ni da Yayata, don ba dama kai ya taɓa matashi. Washegari sai wasu 'yan ƙuraje masu farin baki su jeru a bakin goshi da ƙeya. Inna takan duba ta ce, "Kitso ne ya kamu. Wanda bai yi zafi ba ai ba ya kwana biyu." Ita ma haka aka yi mata, kuma a iya saninta gata take yi mana.

Da na tafi makarantar kwana sai abin ya ƙaru. Ana duba kai duk mako, wadda aka samu da tsohon kitso ta sha horo, saboda haka muka koma yin ƙanana ƙanana masu kai wata guda ba su tashi ba. Ga kwarkwata. Ina tuna 'yan ɗakinmu suna zuba wa junansu kananzir, wasu har fiya-fiya, su ɗaure da leda su kwana. Wata ta taɓa suma a kan haka, aka ce aljanu ne. Yau da na san guba ce mai ratsa fata, in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

An yi bikina a shekarar 2000. Lokacin rilaksa ta shigo gari sosai, amaryar da ba a miƙar wa da gashi ba ana ganin 'yar ƙauye ce. Aka kai ni shagon gyaran gashi, aka lafta mini, ina cewa yana zafi, mai shagon tana cewa in daure bai gama nuna ba. Da aka wanke, fatar kaina ta saluɓe a wuri biyu, ta yi ruwa, gashin ya manne a kai. Kwana biyu tsakani aka zauna aka yarfa mini kitson amarya a kan wannan gashi. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, hotunan suna nan. Daga nan duk bayan 'yan watanni sai na koma a taɓa sabon tofo, in babu kitso in tattara shi baya in ɗaure tamau da ribom, daga baya da aka fara yayin acuci na ɗora shi a kai.

Bayan haihuwar fari, wata uku da sauka, gashina ya fara zuba ba ƙaƙƙautawa. In na yi tsifa sai in tara dunƙule guda a cinya. Surukata ta ce ruwan zafin wankan jego ne ya dafa shi, wata maƙwabciya ta ce yarinyar ce take shanye ni. Kafin yaye gashin ya dawo, sai dai gefen goshi bai cika kamar da ba. Haihuwa ta biyu haka, ta uku haka. Kowane zagaye baya da tsakiya su dawo, gaba ya ƙara ja da baya. Sai na lura ina saukar da ɗaurin ɗankwalina ƙasa ƙasa, har ya kusa taɓa gira.

Babu man da ban shafa ba. Man kaɗanya, man kwakwa, man darbejiya, man habbatus sauda, hulba da aka jiƙa, ruwan albasa, tafarnuwa da ake gogawa har wurin ya yi ja. Na sayi karkar, na sa an kawo mini shebe daga wajen wata 'yar Chadi. Ba zan zalunci waɗannan ba, sun yi wa gashin da ke nan amfani, ya yi laushi, ya rage karyewa, na baya ya ƙara tsawo. Amma inda babu, babu. Kuɗin da na kashe a kan haɗe-haɗen da ake sayarwa cikin robobi marasa suna, da adashe na zuba su da na ɗauki abin kirki.

Ana cikin haka maigida ya ƙara aure. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta zo mini kwana, ta ga kaina da daddare na cire hula, sai ta saki salati. "Ke 'yar nan, ina kike zubar da gashinki in kin yi tsifa?" Na ce a shara. Ta riƙe baki. "A gidan da ke da kishiya? To an ɗauka an kai inda aka kai. Wannan ba ciwon asibiti ba ne." Na ce mata Gwaggo, abin nan ya girmi zuwan amarya da shekaru. Ta ce ai tun ana neman auren ake fara aiki. Aka karɓo mini rubutu na sha, aka ba ni turare, na ci gaba da azkar ɗina, wannan kam ko lafiya lau nake ba zan bari ba. Sai dai magana in ta shiga kunne ba ta fita duka. Yarinyar nan tana gaishe ni, "Yaya, ina kwana," ina amsawa, amma akwai abin da ya tsaya a tsakaninmu wanda ita ba ta ma san da shi ba.

Ba ta kaina na je asibiti ba. Yarona na uku, yana ɗan shekara bakwai, makero ya fito masa. Fari-fari ne zagaye a gefen kai, gashin wurin ya kakkarye, yana ta susa. Kakarsa ta kira wanzami ya kankare wurin da aska har ya yi jini, aka shafa shuɗi. Wani ya ce man birki, wani ya ce baƙin cikin batir. A kemis aka ba mu wani man shafawa da suka ce yana maganin cuta uku a haɗe. Kwanakin farko ƙaiƙayin ya lafa, muka ce an dace, ashe faɗi yake ƙara yi a ɓoye. Sai wurin ya kumbura, ya yi taushi, mugunya tana tsattsafowa ta ƙofofi da yawa, kaluluwa ta fito masa a wuya. Mai kemis ya ce ƙurji ne, a kawo shi ya tsaga. Mahaifinsa ya ce a'a, a nan dai ya tsaya, muka nufi asibitin koyarwa, aka tura mu ɓangaren fata.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tana gani ta ce alhamdulillahi da ba a tsaga ba, domin ba ƙurji ba ne, jiki ne yake faɗa da ƙwayar makeron, kuma wuƙa ba abin da za ta ƙara sai tabo. Ta ce ƙwayar dangin funfuna ce, tana shiga har cikin silin gashi da ramin da yake tsirowa, shi ya sa duk abin da za a shafa a sama ba ya kai mata. Makeron jiki man shafawa yana kashe shi, na kai sai an sha magani. Shi kuma man nan mai uku a haɗe akwai sinadarin kwantar da kumburi a cikinsa, yana danne ƙaiƙayi, yana kuma danne garkuwar fatar, ƙwayar ta samu sarari. Ta kankari ɗan ɓawo da guntayen gashi aka kai gwaji, ta rubuta masa griseofulvin daidai nauyinsa, na mako shida zuwa takwas, ta ce a riƙa ba shi da abinci mai maiƙo, ko madara ko ƙosai, don ta haka hanji yake ɗaukarsa. Ta ƙara da sabulun wanke kai mai ketoconazole don rage yaɗuwa, ta ce a duba sauran yaran, a raba musu mataji da hula da matashi, a saya masa kilifarsa shi kaɗai. Ta ja kunnena a kan kada a daina maganin don an ga wurin ya bushe.

Har na miƙe na kama hannun yaron, sai na tsaya. Na ce, "Likita, ni ma da za ki duba mini wani abu." Ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, ta ce ɗalibanta maza su jira a waje. Wannan ƙaramin abu da ta yi shi ya ba ni ƙarfin zare hijabi da ɗankwali.

Ta ɗauko wata 'yar na'ura mai gilashi da fitila ta ɗora a fatar kaina, tana bi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Tambayar farko da ta yi mini ba ta mai ba ce, ba ta abinci ba ce. Cewa ta yi, "Malama, in an yi miki kitso kina shan maganin ciwon kai?" Na yi dariya na ce wa ba ya sha? Ba ta yi dariyar ba. Ta nuna mini a madubi wani siririn layin gashi da ya rage a can bakin goshi, fili yana bayansa. Ta ce wannan layi shi ne shaidar da suke nema, gajerun silin da hannun makitsiya bai cika kamawa ba su ne suka tsira, waɗanda ake ja kullum su ne suka tafi. Ciwona ja ne ya kawo shi. Ja na kitso, ja na ribom, nauyin acuci, da gogar ɗaurin ɗankwali a wuri ɗaya. Ƙurajen nan masu farin baki da Inna take cewa kitso ya kamu, ramukan gashi ne suke kumbura saboda azaba.

Sai ta raba mini filin gida biyu. Ta ce ta ciki, kusa da inda gashi yake, tana ganin ƙofofin gashi a buɗe da 'yan siraran sili, wannan akwai rai. Ta gaba kuwa fatar ta yi sumul tana sheƙi, babu ƙofa ko ɗaya. "Kin ga gona," in ji ta, "in dabbobi suka cinye shuka, ruwa ya sauka za ta sake tofo. Amma in aka yi wa wurin daɓe, ko buhun taki nawa kika zuba ba abin da zai fito." Tushen da aka daɗe ana ja yakan mutu, tsoka mai tauri ta maye gurbinsa, kuma ba a haifar sabon tushe bayan wanda aka zo duniya da shi. Na tambaye ta da na zo da wuri fa? Ta ce da shekara biyar ko shida baya ne, da mafi yawansa ya dawo. Ba ta tausasa maganar ba, na kuma gode mata da hakan.

A wannan zama na fahimci zubar gashin jego. Kan mutum yana ɗauke da sili wajen 100,000, kowanne da nasa lokacin. Yakan yi shekara biyu zuwa shida yana tsawo, kamar santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma bai cika kai hakan ba. Sai ya tsaya, ya huta wajen wata uku, ya faɗi, wani ya fito a raminsa. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kuma wadda ta yi wata guda da kitso, ranar tsifa za ta ga na kwana talatin a tare, kada ta tsorata. Mai ciki sinadaran jikinta suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, in ta haihu sai su tafi hutu gaba ɗaya, bayan wata biyu zuwa huɗu su zube tare. Zazzaɓi mai tsanani kamar taifot yana yin haka, tiyata tana yi, tashin hankali yana yi. Irin wannan yana dawowa da kansa. Nawa ma ya riƙa dawowa, ban da inda ja ya riga ya kashe. Ruwan wankan jego dai an ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Ta tura ni gwajin jini. Na maƙoƙo ya fito lafiya, amma sinadarin ƙarfe na jinina ya yi ƙasa sosai, abin da ba mamaki ga macen da ta jera haihuwa. Aka ɗora ni a kan maganin ƙarin jini na watanni, da shawarar cin hanta da zogale da wake. Ta ce amosanin da ke damuna shi ma wata ƙwaya ce dangin yis da ke rayuwa a fatar kowa, maiƙo take ci, ni kuma kullum ina lafta mata mai a fatar kai, in wanke kitso in rufe shi da danshinsa. Ta ce mai na gashi ne, a shafa a jikin silin, a bar fatar ta sha iska, kai kuma ya bushe kafin a ɗaura komai. Akwai wani magani da ake ɗigawa, minoxidil, wanda asalinsa na hawan jini ne aka lura yana fito da gashi. Ta hana ni fara shi sai na yaye auta, ta kuma gaya mini ba a ganin aikinsa kafin wata huɗu zuwa shida. Sharaɗin da ta fi nanatawa shi ne babu rilaksa, babu ƙananan kitso, babu ribom mai matsewa.

Yaron ya warke, gashinsa ya rufe sai ɗan tabo da ba a gani sai an yi masa ƙwal-kwabo. Ni kuma a cikin shekara guda kusan rabin filin ya cike, sirara da farko, daga baya suka yi ƙwari. Sauran yana nan yadda ta faɗa. An ce mini ana dashen gashi a Turkiyya da Indiya, a ciro tushe daga ƙeya a dasa a gaba. Albashin malamar firamare bai san wannan hanya ba.

Ranar da na dawo daga asibiti na zauna a tsakar gida ina ba maigida labari, amarya tana jin mu daga bakin murhu. Da daddare ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, ni fa na iya kalaba manya, irin waɗanda ba sa zafi. In kina so in riƙa yi miki." Tun daga lokacin ita take mini kitso, guda shida ko takwas, sakwa-sakwa, ta bar na gaban goshi ba ta taɓawa, bayan mako biyu mu tsefe. Ban taɓa gaya mata abin da Gwaggo ta ce ba, kuma Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta sauka daga kan ra'ayinta ba. Cewa take an dai karya abin ne da rubutu.

Abin ya shiga raina, na koma karatu a waya cikin dare. A nan na ci karo da aikin wata likitar fata ta Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town. A binciken da suka fitar a 2007 sun duba kawunan 'yan makaranta da na manya, suka samu irin ciwona a kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, a manyan mata kuwa kusan kashi 32. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu ɗora kitso a kan gashin da aka miƙar da rilaksa, wato daidai abin da aka yi mini ranar biki. Ita rilaksar mai ƙarfi, sinadarin da ke cikinta shi ne sodar da ake haɗa sabulu da ita, tana karya ƙashin silin ne don ya miƙe. Gashinmu kuwa dama a murɗe yake, silinsa ba zagayayye ba ne, yana da gaɓoɓin da yake saurin karyewa, kuma maiƙon fatar kai ba ya gangarowa har ƙarshensa, shi ya sa yake bushewa. Na kuma gane cewa nazarin gashi da fatar kai fanni ne mai zaman kansa, a Landan akwai cibiyar masu wannan sana'a tun 1902. Amma su kansu ba likitoci ba ne, in suka ga abin da ya fi ƙarfinsu likitan fata suke tura wa. Ina faɗin haka ne saboda yanzu duk wadda ta haɗa mai a ɗakinta ta buɗe shafi a Instagram ta zama ƙwararriyar gashi, tana ɗora hoton kafin da bayan, tana rantsuwa cewa ko sanƙon gado ne zai tofo a kwana bakwai. Gashin da bai wuce santimita ɗaya a wata ba, ina zai je a kwana bakwai?

Wannan karatu shi ya taimaki Yayata. Ita goshinta lafiya lau, amma tsakiyar kanta ya yi ta raguwa a zagaye, yana faɗi, yana mata ƙaiƙayi da wani zafi-zafi in ta taɓa. Tana cewa gadon Inna ne, ita ma haka nata ya yi da tsufa. Na matsa mata muka je. Aka yanki ɗan ƙaramin nama daga fatar kan aka auna, ya tabbata wani ciwo ne daban, mai farawa daga tsakiya yana bazuwa yana barin tabo, wanda ya fi kama mata baƙar fata. A Amurka aka fara bayyana shi a 1968, lokacin sun ɗora laifin a kan mataji mai zafi da ake miƙar da gashi da shi. Sai a 2019 wani bincike, wanda Farfesa Ncoza Dlova ta Durban take cikin masu shi, ya nuna akwai hannun gado a wasu masu ciwon. Ashe Yaya ba ta yi ƙarya ba da ta ce gadon Inna ne, inda ta tsaya shi ne ganin tunda gado ne ba abin yi. An yi mata allurai a fatar kai, an ba ta na sha da na shafawa. Abin da ya tafi bai dawo ba, amma ya daina ci gaba.

A makaranta yanzu idona yana kan kawunan yara. In na ga yaro yana tura yatsa ƙarƙashin hula yana susa, sai in kira shi gefe in duba. Makero ya yi yawa a azuzuwanmu, musamman yaran da ake jera su a yi musu aski da aska ɗaya ko kilifa ɗaya. Nakan rubuta wa iyaye 'yar takarda cewa na sha ake nema, ba na shafawa ba, su je asibiti. Wasu suna zuwa, wasu su aiko a ce mini makero ai kowane yaro yana yi, in ya balaga zai bari. Gaskiya ne yawanci yana lafawa bayan balaga, amma kafin nan ya shafa wa ajin gaba ɗaya, wani kuma ya bar masa tabon da zai shiga da shi kabari. Makon da aka dawo hutun Sallah kuwa 'yan matan nake kallo. Za ki ga yarinya 'yar aji biyu ta kasa juya wuya, hijabi yana taɓa kanta tana runtse ido. Uwa ɗaya da na yi wa magana ta ce, "Malama, kuɗi na biya, so kike ya tsefe a kwana uku?" Ban ga laifinta sosai ba, ban kuma ga na makitsiya ba. In ta sassauta hannu kitson bai daɗe ba, cewa za a yi ba ta iya ba, a koma wajen wata. Mu masu kai 'ya'yan mu ne muke sayen zafin da kuɗinmu.

Wata malamar Islamiyyarmu ta taɓa tuna mana hadisin da ke cewa wanda yake da gashi ya girmama shi. Da, in na ji shi, mai da taje da kitso mai kyau nake fahimta. Yanzu in 'yata ta ce kitso yana mata zafi, a take nake sa a warware layin, ko makitsiya za ta ɓata rai.

'Yar farin tawa, wadda aka ce tana shanye ni, an sa ranarta bayan Babbar Sallah. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu rilaksa ba ta ƙara taɓa kanta ba, gashinta cunkus, goshinta a cike. Makon jiya ƙannen mahaifinta suka zo tsara gyaran amarya. Dilka, na ce to. Halawa da turaren jiki, na ce to. Jan lalle, na ce to, amma baƙin nan da ake haɗawa da dayis sai an gwada a ɗan wuri tukuna, don na ga hannun da ya tashi ya yi ruwa saboda shi. Da aka zo kan kai, babbarsu ta ce za a kai ta shago a miƙar da gashin, sannan a yi mata ƙanana guda ɗari da wani abu, irin wanda ake yayi. Na ce ba za a yi ba. Na gaya musu har wani bincike da cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2022, a kan mata fiye da 33,000, inda aka ga masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun ninka sauran wajen kamuwa da sankarar mahaifa, ko da yake masu binciken ba su ce sun tabbatar shi ne sanadi ba. Babbar ta ce, "Maman yara, mu dai ba a Amurka muke ba. So kike dangin ango su buɗe kai su ce ba a gyara ta ba?"

Ban ƙara cewa komai ba, na sa hannu na zame ɗankwalina baya. Shekara ashirin da wani abu muna tare da matan nan, ba su taɓa gani ba. Ƙaramarsu ta ce, "Innalillahi, Anti, yaushe?" Na ce tun kitson bikina da kuka raka ni. Aka ɗan yi shiru, sai babbar ta gyara zama ta ce to a bar rilaksar, amma ƙananan kitso kam ba fashi, sai dai a rage yawansu. Mun tsaya a kan arba'in, ni zan zaɓi makitsiyar, kuma ina zaune a wurin za a yi. Ita amaryar da aka tambaye ta cewa ta yi duk yadda muka yanke, amma na ga tana duba hotunan masu guda ɗarin a wayarta.